Zabi Biyu na Tukwici

Guci, bayan girbi

Maigida,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ya Legas, ya ƙafar nan taka da sanyi ke tayar wa? Mu nan lafiya lau muke. Iya tana gaishe ka, ta ce man zafin da ka aiko ya ƙare. 'Yarka Nazifa ta koma karatu lakwal. Gero ya yi daidai gwargwado, wake ne dai tsutsa ta taɓa.

To ga abin da ya sa na zauna ina danna wayar nan da yatsa ɗaya. Ka san tun da ruwa ya ɗauke Shafi'u ba shi da magana sai ta tafiya Jado haƙar zinariya. Ni kuwa tun da rami ya rufta da ɗan maƙwabciyarmu Nasiba a can, ko sunan wurin ba na son ji. Na yi faɗa, na yi lallashi, ya ce Inna in zauna in yi me, in riƙa ƙirga awakin mutane?

To Allah ya kawo wata hanya. Kes ɗinmu na Dungass, asusun nan da nake kai ajiyar ɗan abin da na samu a ƙuli-ƙuli, ashe duk shekara suna ware wani abu cikin ribar da aka samu su taimaki matasa. Ba rance ba ne, kyauta ce, sai dai ba sa ba ka kuɗi a hannu, kayan aiki suke saya maka. Shafi'u da abokansa su biyar suka nema, wai za su riƙa bin ƙauyuka suna yi wa kaji allurar rigakafi, saboda ciwon nan da ke share mana kaji duk lokacin ɗari. Da ya faɗa mini ban ma sa rai ba, shi ya sa ban gaya maka ba. Sai ga shi an zaɓe su. Har Magarya aka kai su wajen likitan dabbobi suka koyo aikin.

Shekaranjiya kayan suka iso a motar Jibo. Firijo mai aiki da hasken rana, da akwatunan sanyi na ratayawa, da allurai, da kekuna biyu. Unguwa ta cika. Iya ta sa hannu cikin firijon ta cire da sauri, ta ce wannan ai randar aljanu ce. Da ka ga ɗanka yana nuna wa mutane yadda ake riƙe kaza, sai ka ce an haife shi da allura a hannu.

Wadda ta rako kayan wata yarinya ce ma'aikaciyar kes, Surayya sunanta, ba ta fi Hindarmu ba. Tun safe take hanya, ko fura ba ta tsaya ta sha ba. Na ce a raina wannan ta kawo mana alheri har ƙofar gida, ba za ta koma hannu sake ba. Na kama zabi biyu cikin manyan nan, na ɗaure musu ƙafa, na miƙa mata gaban jama'a na ce ga tukwici. Ta ce Mama a'a, don Allah ki bari. Na ce haka 'ya'yan kirki ke cewa. Ta sake cewa a'a, na zagaya na saka su cikin motar da hannuna. Ka ga ko ba ka nan ban bar gidanka ya ji kunya ba.

Tun ranar ban ƙara jin Jado a bakinsa ba. Barci nake har da minshari, in ji Nazifa.

Ka gaida su Malam Illa da duk 'yan ɗakinku.

Matarka,
Habsatou

*

Maigida,

Gaisuwa da fatan ka tashi lafiya. Mu ma jiki lafiya, sai dai yau labarina ba irin na rannan ba ne.

Zabin nan sun jawo magana. Jibo da bakinsa, ka san shi, ya je tasha a Dungass yana wasa yana cewa ashe firijo ba tsada, zabi biyu ne kuɗinsa, shi ma zai nemo biyu ya kai. Wasa yake, amma akwai wasu samari na wani ƙauye da su ma suka nemi taimakon, injin walda suke so, ba su samu ba. Suka ji, suka wuce kes kai tsaye. Ashe akwai doka, ma'aikacin kes ko goro ba ya karɓa daga hannun wanda aka taimaka wa. Ni ina zan sani? Wa ya taɓa gaya mini?

Jiya direktan kes ya aiko, wai kada a taɓa firijo kada a fita da kekuna sai komite ya zauna. In suka ga akwai lauje a ciki, za su kwashe kayan su ba wasu. Ga ɗari ya kusa, mata har sun fara zuwa suna tambayar yaushe za a fara allura.

Shafi'u bai ɗaga mini murya ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Ya ci tuwonsa, ya wanke hannu, ya ce Inna da kin tambaye ni. Shi ke nan. Da yamma Nazifa ta gan shi tsaye da mutumin nan mai haɗa samari zuwa Agadas, hanyar Jado. Na tare shi, ya ce in aka zo aka ɗauke firijon nan gaban mutanen da suka taru suka yi masa barka, ba zai iya ƙara kwana a garin nan ba.

Ni fa har yanzu ban ga inda na yi sata ba. Tun ina yarinya in aka aiko ka da ƙwaryar tuwo gidan wani, ba ka dawowa da ita wayam. Bayan an ba su kayan na bayar, ba kafin ba. Amma abin da nake gani daban, abin da zai kai mini yaro rami daban.

Da muka yi waya ka ce in zauna gida in bar maza su yi magana. Na ji, kuma ka san ban saba ƙetare maganarka ba. Amma ka yi mini izini wannan karon. Hannuna ne ya ɗaure zabin nan, ba na Shafi'u ba. Kuma yarinyar mutane tana can aikinta na rawa saboda ni. Ka amsa mini yau don Allah, ko da kalma ɗaya ce.

Iya ba ta sani ba, kada ka faɗa mata.

Matarka,
Habsatou

*

Maigida,

Ina gaishe ka, ina kuma godiya da ka ce in je. Allah ya ƙara girma. Ka gyara zama, labarin da tsawo.

Motar Jibo na shiga, gaba na zauna, kuma ban biya shi ba. Ya buɗe baki zai yi magana na ce ka rufe shi haka nan, ya yi aikin da ya isa. Har Dungass sai haƙuri yake ba ni, Shafi'u na zaune baya.

Muna shiga gidan kes me zan gani, zabina ne ɗaure gindin bishiyar bedi, sun yi ƙiba, gardi mai tsaron ƙofa na watsa musu dawa. Ashe Surayya ko gida ba ta kai su ba. Ranar da ta dawo ta sauke su nan ta gaya wa direkta yadda aka yi, ta ce ba ta iya mayar wa babbar mace kyauta gaban jama'a ba. Da ta gan ni ta durƙusa ta gaishe ni, ni kuwa kunya kamar in nutse.

Ni na zaci komite wasu manya ne masu kwat daga Damagaram. Ashe mutanenmu ne. Perzidan ɗin, wato shugabansu, Alhaji Hamman ne, Bafulatanin nan da kuka taɓa sayen bijimi wajensa. Da Mariyama mai fura ta bakin kasuwa, da wani mushe, malamin lakwal, da wasu biyu. Duk masu ajiya ne kamar ni, zaɓensu aka yi.

Shugaban samarin walda ya fara magana. Na zo da shirin in ji haushinsa, amma yaron yana da hankali. Ya ce shi bai ce an sayi kowa ba. Ya ce amma yanzu duk ƙauyensu an ɗauka sai da zabi ake samu, shi kuma uwarsa ta rasu, ba shi da mai kama masa zabi, to baɗi ya nema ko kada ya wahalar da kansa? Maigida, maganar nan ta shige ni. Ban taɓa kallon abin ta nan ba.

Da aka ce ko akwai mai magana, na miƙe. Na ce ni ce mai zabi. Na ce yaran nan ba su sani ba, yarinyar nan kuma sau biyu tana ce mini a'a, ni na tura su mota. Na ce in hukunci za ku yi, ga katina na kes, ku cire ni, amma ku bar wa yara firijonsu, don in kuka ɗauka nawa Jado zai tafi, kuma ina da maƙwabciya da nata bai dawo ba. Na ajiye katin gaban Alhaji Hamman.

Mariyama ta ce ita fa tsakaninta da Allah da ita ce da akuya za ta bayar. Aka yi dariya, har yaron walda. Mushe ya ce to abin da ya sa aka yi dokar ke nan, don kowa a ɗakin nan haka aka rene shi.

Alhaji Hamman ya turo mini katina. Ya ce Habsatou, wa ake ba tukwici? Na ce ɗan aike. Ya ce to wa ya aiko shi? Na ce kes. Ya ce kes ɗin wane ne, kuɗin da aka sayi firijon nan daga ina suka fito in ba daga ajiyarki da tawa da ta Mariyama ba? Ya ce ke kika aiki yarinyar nan, kuma an biya ta ladan aikenta. Ka ji fa. Duk shekarun nan da nake kai 'yan dalolina, ban taɓa kawo wa raina ina cikin masu bayarwa ba.

Suka fitar da mu suka yi shawara. Da aka kira mu, ga abin da suka yanke. Firijo na nan wajen su Shafi'u. Surayya ba ta da laifi. Samarin walda su sake nema baɗi, kuma daga yanzu gaban kowa za a riƙa faɗin dalilin da ya sa aka zaɓi wane aka bar wane. Zabi in kwashe abina. Ni kuma hukuncina, duk inda mata suka taru, biki ko suna, ni zan riƙa tashi ina faɗa musu ba a ba ma'aikatan kes tukwici. Ni da bakina. Mariyama ta ce ba wanda za a fi saurara kamar wadda abin ya ci.

Kafin mu fito na tambayi direkta ko addu'a ma an hana. Ya ce wannan ba ta cikin doka. To na kama hannun Surayya na yi mata har sai da ta fara share ido.

A hanyar dawowa Shafi'u ne ya riƙe zabin a cinyarsa. Wajen rabin hanya ya ce Inna ashe kin iya magana gaban mutane. Na ce da wa kake tsammani ya yi cinikin auren Hinda, ubanka?

Kada ka ji haushi, wasa nake. Ka gaida mutanen ɗaki.

Matarka,
Habsatou

*

Maigida,

Gaisuwa irin ta kullum. Ya jiki, ya aiki? Saƙon man zafi ya iso, Iya na sa albarka.

Ɗari ya shigo sosai. Yaran nan tun asuba suke fita da akwatunansu, har Waca an kira su. Dala goma suke karɓa kan kaza ɗaya, wadda ba ta da shi ta ba da ƙwai. Gidanmu ya cika da ƙwai, Nazifa ta ce ta gaji. Bana a unguwarmu ban ji inda aka kwashe mushen kaji ba tukuna, Allah ya sa a gama haka.

Na fara biyan hukuncina a sunan gidan Yunusa. Na tashi na faɗa, mata suka yi ta dariya, wata ta ce Habsatou ce yau ke hana kyauta. Na ce ku yi dariyarku, ni na san inda na kwana. Har yanzu in na tuna yarinyar nan ta yi doguwar hanya ta koma haka nan, sai in ji wani iri, amma na haƙura.

Motar Agadas ta tashi makon jiya da samari uku na garin nan. Allah ya tsare su ya dawo da su.

Yanzu ga abin da aka aiko ni in tambaye ka, don shi kunya ta hana shi. Shafi'u ya fara buga tubali a bakin tafki shi da abokansa. Ɗaki yake so ya gina a gidan nan, mai ƙofa biyu, ɗaya ta firijo da masu kawo kaji, ɗaya tasa. Ban tambaye shi wa zai saka a ciki ba, amma ina da ido. Ya ce ba zai haƙa tushe ba sai ka faɗi wuri. Gabas ne kusa da rumbu, ko yamma inda tsohon garke yake? Ni na fi son gabas, don in riƙa jin shigarsa da fitarsa. Ka yi saurin amsawa, tubalin har ya fara bushewa.

Matarka,
Habsatou