Sunan da Na Daina Amsawa

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Yaya ƙafar Inna, tana takawa kuwa? Ki shafa min kan yara.

Ni lafiyata ƙalau, kada ku damu. Guga ce dai a ɗakin wankin otal, tsayuwa tun safe har yamma, amma jiki ya saba.

Sunana ne ya sha wuya. Shugabar aiki gutsure shi take yi, mai gadi kuma ya ja shi kamar mai kiran akuya, kowa da bakin garinsu. Da farko ina gyara musu, har cacar baki na yi da kuku. Shekara shida ke nan, na gaji.

Jiya aka kawo sabuwar ma'aikaciya, 'yar wajenmu. Ta kira ni yadda Inna take kirana, har sau uku. Ina jin ta ban waiwaya ba. Wallahi na ɗauka da wata take.

Maganar dawowa, takarduna har yanzu shiru, kada ki sa wa Inna rai. Ki ce dai ta riƙa ambaton sunana a addu'a. A bakinta kaɗai ya rage daidai.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki