Ƙwaron da ba shi da suna

Kura, daren Talata

Ƙwaron nan ya gama da rabin tumatirina. Kore ne mai ɗigon ja, daga tushe yake datse dashe. Duk littattafan noman da na tsinto na duba, babu shi.

Yau na kai wa malamin gona shi a kwalin ashana. Mutumin nan har da murmushi! Wai, "Sani, ina jin sabon iri ne. Kar ka yi feshi sai mun aika an tantance shi."

Na ce, "Yallaɓai, kafin ku raɗa masa suna ni me zan ci?"

A fusace na wuce shagon maganin ƙwari. Mai shagon ya ce in faɗi sunan ƙwaron ya ba ni maganinsa. Haka na dawo gida hannu rabbana.

Gobe ne ranar ban ruwanmu. Ya Allah, ko me zan tarar a gonar in ba wa ruwan?