Wayar da Ka Aiko wa Jamilu

Boɗinga,
Asabar, tsakiyar watan Zulƙida.

Zuwa ga Ɗanbaba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Halima da yara, Ya kare ka a kan titunan Fatakwal, Ya sa albarka a cikin abin da kake nema. Mu nan alhamdu lillahi. Babanku yana zuwa shagon ɗinki kullum, sai dai idonsa na hagu yana yi masa hazo, zare ba ya shiga masa allura sai ya fito bakin ƙofa. 'Yar'uwarku Sa'adatu tana lafiya a Shagari, zazzaɓin yaronta ya sauka. Gwaggonku Shatu har yanzu gwiwa, a zaune take salla. Fiddausi matar Jamilu cikinta ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura, amma an duba ta an ce ba komai. Ni kuma jinina ya ɗan hau, ina shan magani. Jamilu lafiyarsa ƙalau, kuma saboda shi na zauna rubutun nan.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Duk sanda ka kira, a wayar Jamilu kake kira, gida duka ya taru a kanta, ga fuskarka a fili. Ka san ba zan iya tsayawa gaban mutane ina kallonka ina doguwar magana ba, shi ya sa nake cewa a gaishe ka in koma madafa. Tunda Allah Ya sa na koyi rubutu a ajin manya, ko da yake da furfura na koya, gara in faɗa maka a nan. Zan ba Mainasara mai motar albasa ya kawo maka hannu da hannu.

Maganar wayar da ka aiko wa ƙanenka ce. Da farko na gode, Allah Ya saka maka da alheri, Ya sa naka su yi maka. Ba zan rage mata komai ba, waya ce mai kyau. Babanku da ba ya gane kowa a ƙaramin hoto, a cikinta ya ga jikarsa har ya ce hancin Shatu ta ɗauko. Jamilu yakan buɗe masa Alƙur'ani ya ƙara wa rubutun girma, ya karanta ba tare da tabarau ba. Murya kuwa tana fita sarai kamar mutum yana zaune a kan tabarmarka. Ranar da aka yi ruwan farko ta jiƙe sharkaf a aljihunsa, ya goge ta da hular kansa ta ci gaba da aiki.

A sana'arsa ta raguna ma ta yi masa rana. Da can sai ya sayo dabba daga Kajiji ko Lambara ya kawo turke ya jira mai saye. Yanzu yana tsaye a kara, kasuwar dabbobi, zai kira mutum a Sakkwato ko Abuja, ya zagaya ragon da waya, ya buɗe masa baki a ga haƙora, ya ɗaga wutsiya a ga ƙiba. Mutum ya zaɓa yana zaune a ofishinsa, ya turo kuɗi ta asusu. Ni kaina na ji daɗin wannan, domin ya daina yawo da damin kuɗi a cikin wando. Bana tun ba a shiga watan Salla ba masu nemansa sun fi na bara. Duk wannan gaskiya ne, kuma ina so ka san na gani.

To amma tana da nata. Ba ta son zafin garinmu. In ya ɗauki bidiyo a rana sai ta ɗauki zafi ta tsaya cak, sai ya kai ta inuwa yana yi mata fifita. Caji kuma kafin La'asar ya ƙare, wutarmu ka san halinta. Ba ya yarda ya bar ta wurin mai caji kamar yadda kowa ke yi, sai ya zauna a benci yana gadinta, hantsi ya wuce dabbobi ba su sha ruwa ba. Wani rago ya tunkuye shi ta faɗi, gilashin ya tsage ta gefe. Masu gyara na kasuwar Boɗinga sun juya ta sun ce ba su taɓa irinta, sai Sakkwato, can ma abin da aka faɗa masa ya isa sayen tunkiya, don haka yana nan da tsagarsa. Sabis kuwa bai san tsadar waya ba. A Kajiji tudun da mai ƙaramar waya ke hawa ya yi kira, shi Jamilu ke hawa. Sannan masu dabbobi sun gane ta. Da ya fito da ita sai farashi ya tashi, su ce mai wannan ba ya rasawa. Har ya koma sai Sha'aibu ɗan kabu-kabun da ke ɗaukarsa a babur ya fara taya rago, shi yana gefe, in an daidaita sannan ya matso.

Duk waɗannan da su kaɗai ne da ban ɓata takarda ba, ciniki ne, shi ya san ribarsa da faɗuwarsa. Abin da ya hana ni sukuni hotonka ne. Ka tuna wanda ka ɗauka da farar shadda, ka jingina da farar motar maigidanka a ƙofar gidansa mai bene. Jamilu ya sa shi a fuskar wayar, da ta yi haske kai ake fara gani. Yaron nan yana alfahari da kai, kowa ya tambaya sai ya ce yayansa ne na Fatakwal. Bai taɓa cewa motarka ce ba, amma kuma bai taɓa cewa tuƙa ta kake yi ba. Da na je suna Shagari wata mata da ban sani ba ta riƙe hannuna tana yi mini barka, wai ta ji ɗana ya gina bene kuma yana aikin mai. Na ce mata direba ne, ta yi dariya ta ce haka iyayen masu arziki ke faɗa don tsoron baki.

Ran Alhamis Sha'aibu ya shigo gaishe ni. Ya jira Jamilu ya fita masallaci, sannan ya faɗa mini cewa a kasuwar Kajiji da ta wuce wani mutum ya zo ya tsuguna kusa da babur ɗinsa. Ba mai saye ba ne, ba mai sayarwa ba, dillalai ma ba su san shi ba. Ya fara da tambayar kuɗin mai, daga nan ya koma kan Jamilu: ɗan wane gida ne a Boɗinga, wace hanya suke bi in za su koma, kwana suke yi ko a ranar suke juyawa, kuma wai da gaske ne mai motar nan ta cikin hoton uwa ɗaya uba ɗaya suke. Sha'aibu ya ce ya ba shi amsar banza, suka sake hanya da za su dawo. Da zai tashi ya ce mini, "Inna, ni ba ni ƙara ɗaukar shi in dai wagga waya na hannu nai. Ni ma ina da ɗiya." Wataƙila mutumin mai son jin ƙwaƙwaf ne kawai, Allah Ya sa haka ne. Amma kana jin labarin abin da ke faruwa a hanyoyin daji, kuma an ce masu ɗaukar mutane da abin da suka gani a hannun mutum suke yanka masa kuɗi. In suka yanka wa Jamilu da ganin wannan mota da wannan bene, ko gidan nan da keken ɗinkin babanku muka sayar ba mu kai ba.

Na yi masa magana. Ya yi dariya ya ce tsoro ya yi mini yawa, wayar ita ke kawo ciniki, kuma in Sha'aibu ya ƙi akwai masu babur da yawa a tasha. Da na matsa sai ya daina dariya ya ce kyautar yayansa ce, a gaban mutane aka miƙa masa ita, in ya ajiye ta a ɗaki ya ɗauki ƙarama mai tocila za a ce ya raina abin da ka ba shi, ko a ce ya sayar ya ci. Na kai wa babanku, ya ce shi ba ya shiga tsakanin wa da ƙane a kan kyauta, a yi addu'a. Addu'a ina yi. Amma na lura duk gardamar Jamilu a kanka take tsayawa, don haka kai ne za ka iya warware ta.

Ga abin da nake roƙo. Ban ce a mayar maka da waya ba, ban ce a sayar ba. Ka kira shi ka ce kai ne kake so ta riƙa zama gida. Ya shiga ƙauye da ƙaramar wayarsa ta da, ya sayo ragunan da idonsa ya yarda da su, ya kawo turken bayan gida, a nan ya nuna wa mutanensa na birni. Na san zai rasa waɗansu masu son gani kafin a saya, wata rana kuma ya sayo ragon da ba wanda ya zaɓa, ya kwana yana ci masa dusa. Wannan asara ce da za mu iya ɗauka. Sannan ka ce ya cire hoton, kuma ka faɗa masa da bakinka cewa duk wanda ya tambaya a gaya masa motar ta maigida ce, kai albashi kake ɗauka. Na san wannan zai yi maka nauyi, domin kowa yana son a ce ya yi gaba a inda ya tafi. Tuƙi ba abin kunya ba ne, da shi ka rufa mana asiri shekara da shekaru. Ba sai ka ce ni na rubuto ba, amma in ya tambaye ka kada ka yi masa ƙarya.

Babanku yana gaishe ka, yana sa maka albarka. Shatu ta ce a gaya wa Halima man zafin da ta aiko ya ƙare, kuma ya yi mata amfani. Sa'adatu da mijinta suna gaisuwa, Fiddausi ma haka. Ka gaishe mini da Halima da kyau, ka shafa mini kan yara, ka gaishe da Maniru abokin zamanku da duk 'yan Boɗinga da ke wurinku. Na sa wa Mainasara ƙullin kuka da daddawa, ka karɓa.

Jamilu ya shirya babbar tafiyarsa ta Salla a kasuwar Kajiji ta farko bayan an ga wata, kuma ya ce wannan karon kwana zai yi. Ina so kiranka ya same shi kafin ranar ɗaya ga Zulhajji, ni kuma ka aiko mini da amsa ko ta bakin Mainasara ce. In wata ya tsaya ban ji komai ba, zan tsaya a ƙofar zaure in ce masa ban yarda ya fita da ita ba, in kuma ya fita ban yafe ba. Tunda na haife ku ban taɓa faɗa wa ɗayanku wannan kalma ba, kuma ba na so in fara saboda waya. Ka taimake ni kada ta kai ga haka.

Wassalam.

Innarku,
Altine.