Dutse na Uku a Murhun Chichi

Merida, 4 ga Maris

Zuwa ga kakata, Chichi Eulogia,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da gwiwarki mai ƙorafi da talotalonki marasa kunya. Na ba Don Filiberto direba wannan takarda, tunda kin rantse waya ba za ta kwana a ɗakinki ba.

Kullum kina tambaya wane irin aiki ne mutum ya wuni yana kallon gilashin kwamfuta. To, tarihin kakanninmu Maya muke jerawa a intanet, shekara bi shekara. Mutum ya rubuta suna ko shekara, nan take labarin ya fito masa. Jiya shegen son sani ya sa na rubuta sunan marigayi kakana, Anacleto Dzib. Chichi, sai ga shi! A 1974 yana cikin masu haƙa a kufan Kankabmul. Sun tono allon dutse mai hoton wata sarauniya, kusurwarsa a karye. Shugaban aikin ya rubuta cewa Anacleto ya ga gutsuren da yamma, gari na wayewa aka nemi gutsuren aka rasa.

A jikin gutsuren nan lambar kwanan watan take, kuma ɗaya a wannan ƙidaya shekara ashirin ce. In sha biyu ce, sarauniyar uwar sarki ce. In sha uku ce, matarsa ce. Shekara hamsin masana suna musu, ni kuma aka ɗora wa cike gurbin.

Abin da ya hana ni sakat shi ne dutsen murhunki na wajen bango. Ina ƙarama nakan shafa gindinsa in ji wani layi a sassaƙe. Wace shekara ma kuka yi aure?

Jikarki mai ƙaunarki,
Nidelvia

*

9 ga Maris

Nidelvia,

Na amsa gaisuwa. Gwiwa tana nan, talotalo biyu sun shiga tukunya.

Ke dai tun kina rarrafe ba a ajiye abu a rufe ki bar shi. Yanzu har mijina kika bi cikin kabari da tambaya? Kin san shekarar auren sarai, munafuka, kada ki yi min wayo.

E, gutsuren nan ne. Ranar da na tare, duwatsun murhu biyu ne masu kirki, na ukun yana jin wuta ya tarwatse. Na zauna ina kuka, amarya ba murhu. Da yamma sai ga kakanki da dutse a buhu, ya ce, "Ungo, wannan na sarakai ne, ba ya tsoron wuta." Ya kifa shi da kansa, ban ga fuskarsa ba, ban kuma tambaya ba.

Ga abin da gilashinki bai gaya miki ba. Kin san cibiyar ɗiya mace a ƙarƙashin murhu ake binne ta. Ta uwarki, Allah ya ji ƙanta, tana ƙarƙashin dutsen nan, taki ma tana gefenta. Tun da aka kawo min gawarta daga asibiti, nan nake zama in yi mata hira ina gasa gurasa.

Sarauniyar fa, doguwa ce? Me ta sa a kanta?

Ki riƙa cin abinci, kin rame a hoton nan.
Chichinki

*

Merida, 13 ga Maris

Chichi,

Ina gaishe ki da kyau. Na karanta wasiƙarki a ofis, sai da na shige banɗaki na yi kuka. Ban taɓa sanin Mama tana nan ba.

Ba zan ɓoye miki ba: duk abin da muka sa a shafin sai mun rubuta inda muka samo shi. Ina rubuta "murhun Eulogia", hukuma za ta zo ta ɗauke dutsen, don doka ta ce kayan tarihi na ƙasa ne. Za su yi miki ladabi, amma za su tafi da shi, su kuma tona ƙarƙashinsa. In na cike gurbin, sunana zai shiga bakin manya. Na so hakan ƙwarai, har yanzu ma ina so, kunya ce kawai take kama ni.

Sarauniyarki gajera ce kamar wata da na sani, da gashin tsuntsu a ka da hanci irin namu. Lambar kakanninmu ba wuya, sanda ɗaya biyar, ɗigo ɗaya ɗaya. Ki bar dutsen inda yake. Amma Chichi, ke ba kya son sani?

Taki har kullum,
Nidelvia

*

18 ga Maris

Ja'ira,

Ina gaisuwa. Kin cuce ni! Kwana uku ina kallon dutse kamar baƙo, har na ƙona wake.

Jiya da hantsi na kashe wuta, na ba uwarki haƙuri, na sa muciya na ɗaga gefe ɗaya. Ƙasar ban taɓa ta ba. Na shafe fuskar da tsumma, na danna kwaɓin masara mai kauri a kai, na mayar da dutsen mazauninsa, na gasa gurasar a kansa. Idona ba ya ganin ɗigo, tabarauna ya karye.

Gurasar tana cikin adikon nan. Na ce wa Filiberto in ya gutsura sai na tsine masa. Ki ƙirga, ki gaya min, sannan ki cinye. Abinci na aiko miki, ba shaida ba. Ran da na mutu, dutse naki ne, ke da uwarki ku sasanta.

Allah ya tsare.
Chichinki

*

Merida, 19 ga Maris

Chichi,

Gaisuwa. Sanda biyu, ɗigo biyu. Uwarsa ce.

Na daɗe riƙe da waya a kan gurasar, ban ɗauki hoton ba. Gurbin yana nan fayau a shafinmu, duk duniya mu biyu muka sani. Na cinye da wake, gishirin ya yi kaɗan.

Ina tafe Asabar. Ki matsa min wuri a wajen bango.

Nidelvia