Baba Ya Yi Wa Mage Aski

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya sa wa nema albarka. Mu nan da sauƙi, sai dai jikin Baba, mantuwar tasa kullum gaba take yi.

Ka san hannun da ya tsufa yana aski ba ya iya zama haka nan. Ranar nan ina wanki, ya lalubo almakashinsa, ya ɗora magenmu a cinya, ya yafa mata tawul, ya datse mata gashin baki tas. Da na fito har yana yaba mini ita, wai bai taɓa samun kwastoma mai haƙurinta ba. Na yi dariya, Yaya, amma dariyar ba ta kai yamma ba. Magen da ke sulalewa ta tsakanin ƙarafan taga, yanzu sai ta sa kai, ta ja da baya, ta zauna tana kuka. In aka ɗauke wuta, sai ka ji tana karo da ƙafar kujera. Na kira likitan dabbobi a waya, ya ce gashin nan ba ado ba ne. Da shi take auna ko wuri zai ɗauki jikinta, da shi take jin motsin iska a duhu, karnuka da ɓeraye ma haka suke. Ya ce kada in bar ta ta fita sai ya tsiro.

To, ga mu nan mu uku a ɗaki biyu. Na ɓoye almakashi, ƙofa kuma kullum a kulle, don kada Baba ya sauka daga bene neman shagonsa da aka rufe tuntuni. Makullin yana ɗaure a bakin zanina, ko kantin ƙasa ba na leƙawa. Shugabar makarantarmu ta aiko cewa in ban koma aji ba kafin ƙarshen wata, za ta ba wata malama gurbina. Na gaji, Yaya, kuma ina jin kunyar faɗa. Ba aike nake so ba, kai nake so ka zo ka karɓe ni, ko na ɗan lokaci ne.

Ka gaida Anti da Auta da Mai Sunan Baba. Likita ya ce gashin mage zai dawo da kansa, ita za ta fita. Ni kam sai ka zo ka buɗe mini ƙofar.

Ƙanwarka mai jiranka.