Baƙin Salatif a Goshin Kyamara

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Allah ya saka wa masu ƙera kyamara da alheri, sun raba mu da wahalar tunani. Yanzu ko ido rufe ka ɗauka, ba ka yi kuskure ba.

Sabbin kaya sun iso kasuwar Gamboru, nawa da na Cyprian maƙwabcin shagona. Shi yana sayar da na kamfani ɗaya, ni na abokin hamayyarsa. Tun muna da baƙin gashi muke musu. Ina cewa tawa tana fito da baƙar fata da mutuncinta, tasa kuwa tana mai da amarya tumatir. Wannan maganar ce ke kawo masu hoto wurina. Ita ce jarina, ba kayan da ke shago ba.

Laraba, 8 ga Mayu

Tahir mai hoton biki ya juya tawa, ya leƙa ta Cyprian. "Baba Umara, bambancin me?" Na yi ta bayani har shayina ya huce. Ya ce, "To wacce ke zuwa da jaka kyauta?"

Asabar, 11 ga Mayu

Bikin Hanifa, 'yar ƙanwata, a unguwar Abbaganaram. Na ce da hannuna zan ɗauka, yaran nan su ga aiki. Kyamarar da nake ba da haya ta kwana tana caji a shagon Cyprian, shi ke da sola. Na sure ta a kan benci na wuce. Duk muna liƙe sunan kamfani da baƙin salatif, kada ɓarawon biki ya gane mai tsada.

Lahadi, 12 ga Mayu

An wanko hotuna. Masha Allah.

Litinin, 13 ga Mayu

Na baje su a kan tebur, masu hoto sun kewaye ni. Na ce ku dubi lallen nan, ku dubi goshin amarya, wannan launin a kamfanina kaɗai ake samunsa. Sai ga Cyprian. Ya ɗauki kyamarar, ya sa farce ya ɓare salatif.

"Oga Umara, tun Asabar nake neman kayana. Taka tana can ta cika caji."

Tahir sai da ya riƙe ƙofa don dariya.

Ba dariyar ce ta dame ni ba. Yini guda tana hannuna. Yatsana ya sami kowane maɓalli a inda ya saba samunsa. Ko sau ɗaya hannun bai ce mini kai, wannan baƙuwa ce ba.

Juma'a, 17 ga Mayu

Ana gaishe ni, ba a tambayata. Na ji Tahir yana gaya wa wani sabon mai hoto, "Kowacce ka samu, ɗauka kawai."

Cyprian ma bai ci riba ba. Ya shigo ya zauna, ya ce, "Ni ma fa na gwada taka. Ban gane bambanci ba." Da ma zagina ya yi.

Talata, 28 ga Mayu

Zafi. Ciniki babu.

Cyprian ya ce mu cire katakon da ya raba shagunanmu, mu jera kayan a kanta ɗaya. Na ce Allah ya kiyaye, ni da sunana.

Kafinta Bala ya zo ɗazu. Dubawa kawai na ce ya yi, ai duba ba laifi ba ne. Ya ce ƙusoshin sun riga sun ci tsatsa.

In an cire katakon, wa zai ma lura mutum biyu ne a ciki?