Wai Hausata Ta Yi Yawa

Lahadi da dare, Birnin Kudu, tsakiyar damina.

Yau bayan sujada na karɓo labaraina daga hannun Dattijo Bitrus, shugaban kwamitin da zai duba ko coci za ta buga su. Ko zama bai ce in yi ba. Ya miƙo min su da yatsa biyu, ya ce, "Rahila, Hausarki ta yi yawa. Ko'ina 'in Allah ya yarda', kamar ba Kirista ce ta rubuta ba. Ki mayar da su Turanci, sai su yi daraja."

Na ce, "Baba, ka karanta har ƙarshe?" Ya ce ya dai leƙa.

Tun bara nake rubutun nan bayan na taso daga makaranta a gajiye, shi kuwa leƙawa ya yi. Mutumin da aka haifa a Zandam, wanda ya yi noman gero da babana, don ya je wani kwas a Kano yanzu harshen gidansu yake ƙyama. Turancin nasa ma, in ya tashi sanarwa, ɗalibaina sunkuyar da kai suke yi suna dariya.

A kan acaɓa na yi hawaye, har na ce na daina rubutu. Ubangiji, na yi masa addu'a, amma ka san da ƙyar ta fito.

Ba zan daina ba, ba kuma zan fassara ko layi ɗaya ba. Ina wurin ranar da aka binne mahaifiyarsa. Na ji yadda ya kira sunanka, kuma ba da Turanci ba ne.